Littattafai uku, kati ɗaya, da bakin Uwata

Ni ɗan kasuwa ne, ina da ƴar rumfa a Kasuwar Dole ta Damagaram inda nake sayar da kayan ɗinki, zare da maɓalli da zif da allurar keke. Lakwal, wato makarantar boko, na yi ta har aji biyu na koleji, daga nan mahaifina ya rasu na kama rumfa, saboda haka Faransancina na karanta rasit ne da gaisawa da ma'aikata. Babbar ƴata shekararta 12, sunan mahaifiyata aka sa mata, don haka ba na iya kama sunan, Uwata nake ce mata. Iyaye uku ke nan suna tare ni a bakin masallaci suna tambayar yadda aka yi yarinyar ta samu katin ɗakin karatu da littattafan da ta yi bayani a kansu a lakwal. Na ga gara in zayyana komai gaba ɗaya, har da wautar da na tafka, kada wani ya bi sawuna ya faɗa inda na faɗa.

A makon ƙarshe na Yuni, dab da tafiya babban hutu, mushensu, wato malaminsu na Faransanci, ya raba wa waɗanda suka ɗaga hannu wata ƴar takarda. A ciki ya rubuta sunayen littattafan labari uku, ya ce kowannensu ya taɓa cin gasa ko lambar yabo, a nemo a karanta cikin hutu, a rubuta shafi ɗaya kan kowanne na abin da mai karatun ya ji a ransa, in an koma a Oktoba a zo a faɗa gaban aji. Uwata ta ninke takardar ta cusa cikin kaye, wato littafinta na rubutu, ba ta nuna mini ba sai bayan kwana 10, an riga an rufe lakwal an sa kwaɗo. Ku riƙe kwanakin nan, za mu dawo kansu. Littattafan su ne Le Passeur na Lois Lowry, da Le Passage na Louis Sachar, sai Ruwan Bagaja na Abubakar Imam. Na ƙarshen kaɗai na san sunansa.

Da yake matambayi ba ya ɓata, na nemi gidan Mushe a Sabon Gari, na same shi bayan la'asar yana gyaran babur. Ya shimfiɗa mini tabarma ya ce biyun farko mutanen Amurka ne suka rubuta su da Ingilishi, daga baya aka juya su zuwa Faransanci. Na Lowry sunansa na asali The Giver, ya ci lambar Newbery a 1994, na Sachar kuma Holes, wato ramuka, ya ci ta a 1999. Ita wannan lamba ƙungiyar ma'aikatan ɗakunan karatu ta Amurka ke bayar da ita duk shekara tun 1922, kuma kwamitin da ke zaɓen manya ne zalla, babu yaro ko ɗaya a ciki. Ruwan Bagaja kuwa yana cikin littattafan da suka fito daga gasar da wani Bature mai suna Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, lokacin Abubakar Imam yana saurayi ɗan shekara 22 yana koyarwa a Katsina. Na ce, "To Mushe, in manya sun riga sun yanke cewa littafi ya yi, me yarinya za ta ƙara?" Ya yi dariya ya ce, "Malam, ai abin da za ta ƙara ɗin nake son ji." Na gyaɗa kai kawai, ban gane maganar ba sai da muka yi rigima da Uwata a Agusta. Kafin in tashi ya kwatanta mini ɗakin karatun da ke ba yara aron littattafai.

Ranar Litinin na rufe rumfa da hantsi, na ɗauki Uwata muka hau kabu-kabu. Muna isa mai gadi ya ce ai Litinin ba a buɗewa. Kuɗin zuwa da dawowa ya tafi a banza. Talata muka koma muka sami wata mata a bakin tebur, kowa Madam yake ce mata. Ta lissafa mana abin da za a kawo: hoto biyu ƙanana, kwafin takardar haihuwa da aka buga wa hatimi, takardar shaidar cewa yarinya ƴar lakwal ce, kwafin katin ɗan ƙasa na uba ko uwa, sannan uban ya zo da kansa ya sa hannu cewa in littafi ya ɓata ko ya yage shi zai biya. Kuɗin kati na shekara jika 1. Ga waɗanda ke karantawa daga Najeriya, jika a wurinmu sefa 1,000 ce, dala kuma sefa 5. Girman kai ya hana ni cewa ta rubuta mini, na ce ai na haddace. Uwata kuwa ba ta ma ji lissafin ba, tana can ta manne da gilashi tana leƙen kantocin littattafai, don ba a shiga ciki sai da kati.

Hoto bai ba da wahala ba, huɗu jika 1, muka jira rabin awa saboda an ɗauke wuta. Fotokofi dala 5 kowane shafi. Wahalar tana wurin hatimi. Laraba na riƙi kwafin takardar haihuwa na tafi meri, wato ofishin magajin gari, na bi layi fiye da awa ɗaya, da na isa gaban tebur aka ce ina ta asalin? Ashe ba a buga wa kwafi hatimi sai mai bugawa ya ga takardar asali da idonsa ya gwada su. Ta asalin tana ƙasan akwatin maiɗakina cikin leda, tare da takardar aurenmu. Alhamis ranar kasuwa ce, ba na barin rumfa. Juma'a na koma wajen sha ɗaya da rabi, na iske mai sa hannu ya fita, ga shi Juma'a ana tashi da wuri. Sai Litinin da sassafe, ina cikin mutum biyar na farko, na sayi tambur na dala 60, aka karɓa aka ce in dawo bayan azahar. Na dawo na karɓa. Aikin da bai fi minti biyu ba ya ci mini mako guda, kuma in za a yi gaskiya rabin laifin nawa ne.

Saura takardar lakwal, a nan ne kwana goman nan suka dawo suka cije ni. Na je lakwal na sami ƙofa a rufe, mai gadi ya ce darakta ya tafi ƙauyensu noma, ba ya shigowa gari sai jefi-jefi. Na bar lambar wayata. Duk bayan kwana biyu ina leƙawa, ruwa ya dake ni sau ɗaya a hanya har sai da na fake a wata rumfar mai shayi. Kwana 9 ina wannan sintiri, Uwata kullum da dare tana tambayata, "Baba, an samu?" har na fara jin nauyin shiga gida. Ranar da na gaji na koma wurin Madam in ba ta haƙuri, in roƙe ta ko za ta bar yarinyar ta zauna ta karanta a nan ko da ba za ta fita da littafi ba. Ta ce, "Haba Malam, ba ta da takardar sakamakon jarrabawarta ta ƙarshen shekara? Ai ita ma ta isa, tunda akwai sunanta da hatimin lakwal." Na tsaya ina kallon ta. Takardar nan tana liƙe a bangon ɗakina tun ranar da aka ba da hutu. Ita ba ta faɗa ba, ni ban tambaya ba. Washegari na kawo komai, sai ga shi na manta kwafin katina, abin nan da na ce na haddace. Allah ya sa akwai mai fotokofi a tsallaken titi. Na sa hannu, na biya, aka manna hoton Uwata a wani ɗan kwali shuɗi. Ranar 29 ga Yuli ce, kusan wata guda na hutu ya wuce ba a buɗe shafi ko ɗaya ba.

Dokar aro littafi biyu ne na mako biyu, wanda ya wuce wa'adi zai biya dala 5 kowace rana. Madam ta duba rajista ta ce suna da Le Passeur guda ɗaya, ta miƙo shi, bangonsa ya sha gam. Le Passage babu, littafin Hausa ma babu wannan. Da daddare na buga wa ƙanena da ke aiki a Yamai waya, layin yana yankewa, na ce ya nemo mini Le Passage. Ya ce, "An gama, Yaya." Na aika masa jika 6 ta ɗaya daga cikin kamfanonin aika kuɗi, da jika 1 na saƙon mota. Daga Yamai zuwa Damagaram kusan kilomita 900 ne, motar ta kwana a hanya, na je tasha sau biyu kafin ɗan ƙunshin ya fito. A gida Uwata ta yage ledar da murna, sai na ga fuskarta ta sauya. Le Passeur ne, sabo fil, irin wanda ke ajiye a kan tabarmarta. Sunayen biyu a bakin Bahaushe ta cikin waya kusan ɗaya suke, bambancin yana ƴan haruffan ƙarshe, ga shi kamfani ɗaya ne ya buga su a Faransa. Ban ambaci sunan marubuci ba ko sau ɗaya. Na so in yi wa ƙanena faɗa, maiɗakina ta ce, "Malam, shi abin da ya ji ya sayo." A karo na biyu hoton takardar Mushe na ɗauka na tura masa ta WhatsApp. Bai samu a kanti ba, sai a wurin masu baza tsofaffin littattafai a ƙasa, jika 3, wani ya riga ya ja layi da bik a wasu shafukan. Ruwan Bagaja shi ya fi sauƙi, wani direban layin Kano da ke sayen zare a wurina na ba saƙo, ya bi ta Matamai da Daura ya dawo da shi cikin kwana uku, kuɗin littafi da na goronsa duka jika 1 da rabi.

Kafin saƙonnin su iso ta riga ta nutse cikin na Lowry. Labarin wani yaro ne mai suna Jonas, shi ma shekararsa 12, a wani gari inda aka kawar da ciwo da yunwa da faɗa, amma aka haɗa da launi da kiɗa da zaɓi. Dattawa ne ke raba wa kowane yaro aikin da zai yi har ya tsufa, a shekarar da ya cika sha biyu. Shi Jonas aka ba shi aikin karɓar tunanin duniyar da ta wuce daga wani tsoho. Kwanakin farko tana ba mu labari muna cin tuwo, tana cewa ita da a garin take da ba ta damu ba in aka zaɓa mata aikin likita. Wani dare wajen sha ɗaya sai ga ta a ƙofar ɗakina riƙe da fitilar hannu, idanu jawur. Ta kai wurin da Jonas ya gano cewa abin da mutanen garin ke kira sallamar mutum kisa ne, kuma uban da ya rene shi da hannunsa ya yi wa jariri ɗan tagwaye allurar mutuwa don kawai ya fi ɗan'uwansa ƙanƙanta. Muna da tagwaye a gidan, ƙannenta ne, shekararsu uku. A ɗakin uwarta ta kwana ranar. Ni kuwa na kwana ina tunanin yadda na ɗauka lambar yabo tana nufin an tace littafi tas, yaro kowane iri zai iya ɗauka. Ba haka ba ne. Ban hana ta ƙarasawa ba, amma da na sani da na tambayi Mushe tun farko ko akwai wurin da ya kamata babba ya kasance kusa.

Rigimar ta zo ne da ta gama. Labarin ya ƙare Jonas ya gudu da wani jariri, sanyi da yunwa sun kusa kashe su, suna gangarowa daga tudu cikin dusar ƙanƙara yana hangen fitilu yana jin kamar kiɗa, shi ke nan. Uwata ta juya shafi tana neman saura, ta ɗauko sabon da ya zo daga Yamai ta duba ko na aron ne aka yage, duka ɗaya. A shafinta ta rubuta cewa littafin ya kama ta har ya hana ta barci, amma marubuciyar ta gudu ta bar aikinta, kamar mai tatsuniyar da ya tashi bai ce ƙurunƙus ba. Da ta fassara mini na ce ta goge. Na ce, "Uwata, littafin da manyan masana suka ba lambar zinariya, ke ce za ki ce ba a gama shi ba? Mushe zai ce ba ki da kunya." Ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, ai abin da na ji aka ce in rubuta." Na dage. Ta goge, ta rubuta wani shafi mai cike da yabo, littafi ne mai kyau ƙwarai, yana koya mana darussa masu yawa, irin maganar da ake yi wa baƙon da ba a so a ɓata wa rai. Kwana biyu ba ta taɓa littafi ba. Na kai wa Mushe shafin don in nuna masa ƙoƙarinmu. Ya karanta ya ce, "Wannan ba ita ta rubuta ba." Na faɗa masa gaskiya. Ya ce masu karatu da yawa, manya da yara, sun yi ta gardama a kan ƙarshen nan, ko yaron ya tsira ko mutuwa yake yi, kuma yarinyar da ta ji haushinsa ta karanta littafin da gaske. Ya ƙara da cewa alƙalan gasa ma mutane ne masu ra'ayi. A Najeriya akwai babbar lambar adabi ta dalar Amurka 100,000 da ke zagayowa kan littafin yara duk shekara huɗu, a 2015 alƙalanta suka ce babu wanda ya cancanta, ba a ba kowa ba. A Faransa kuma akwai lambar da ƴan lakwal ne da kansu ke jefa ƙuri'a. Na dawo gida na ce ta nemo shafin farko. Ashe ba ta jefar ba, yana cikin kaye a ninke.

Daga nan na kama bakina, kuma na fi jin daɗin abin. Na Sachar ta cinye shi cikin kwana biyar. Wani yaro Stanley ne aka yi wa ƙazafin satar takalma, aka kai shi sansanin horon yara a wani busasshen tafki a jihar Teksas, inda kowane yaro zai haƙa rami ɗaya kullum cikin rana, zurfinsa da faɗinsa kimanin mita ɗaya da rabi. A nan ɗiyar Damagaram ta sami abin faɗa. Ta ce marubucin ya san ƙishirwa, domin ya san yadda mutum ke lissafin kurɓi, amma yaran sansanin mota ce ke kawo musu ruwa har bakin rami, alhali ita a bazarar da ta wuce ƙarfe uku na dare ake tashin ta ta jera bido a bakin famfo, wani lokacin har gari ya waye bai zo ba, sai an sayi na ƴan garuwa. Kowa a garin nan ya san zancen, rashin ruwa yana cikin abin da ya sa Faransawa suka ɗauke babban birni daga nan suka mai da Yamai a 1926. Ta kuma ce in da a Birni, tsohon garin Damagaram, aka kafa sansanin, tsakanin duwatsun nan namu, sai shebur ya ƙare ba a haƙa ramin kwana ɗaya ba. Wanda ta fi so a labarin ba Stanley ba ne, abokinsa ne da ake kira Zero, yaron da bai iya karatu ba kowa ya ɗauka wawa ne, alhali ya fi su lissafi. Ta ce ta san irinsa, wani almajiri da ke mana wanke-wanke, wanda ke lissafin canji kafin ni in taɓa na'ura. Inda yaran biyu suka rayu a kan dutse da ɗanyar albasa kuwa dariya ta yi ta yi, ta ce da a Galmi, garin albasa, aka yi labarin da ba wanda zai wahala. Abin da bai yi mata ba shi ne yadda a ƙarshe akwatin dukiya ya fito kowa ya yi arziki. Ta ce an ɗaure komai da kyau har ya yi yawa. Na ce wancan kin ce ba a gama ba, wannan kin ce an gama da yawa, to wane kike so? Ta ce, "Tsakiya." Akwai kuma wurin da aka kashe wani baƙar fata mai sayar da albasa saboda ya so wata malama farar fata, ta zo ta tambaye ni ko da gaske an yi irin haka a Amurka. Na ce an yi.

Na ɗauka Ruwan Bagaja zai zama hutu, tunda harshenmu ne. Shi ya fi ba ta wahala. Yarinyar da ke zuba Faransanci ba tuntuɓe, sai ga ta tana dafa kalmomin Hausa ɗaya bayan ɗaya kamar mai tafiya cikin duhu. Harafin c tana karanta shi k ko s yadda aka koya mata, u tana tsuke masa baki irin na Faransawa, masu lanƙwasa kuwa, ƙ da ɗ da ɓ, ba wanda ya taɓa nuna mata su. A 2025 aka ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar, amma ga ɗiyata Bahaushiya tana gumi a kan shafin Hausa. Dabarar da ta yi aiki ita ce karantawa da ƙarfi. Bayan isha'i sai ta zauna kusa da Hajiya mahaifiyata, wadda ba ta taɓa shiga lakwal ba, in ta karanta kalma a karkace Hajiya ta ce, "A'a takwara, ba haka Hausa ta ce ba," ta gyara mata da ka. Cikin mako guda bakinta ya saki, yaran maƙwabta suka fara taruwa. Duk inda Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman suka shirya wa juna tsiya, tsakar gida sai ta ɗauki shewa. A shafinta ta rubuta cewa cikin ukun shi kaɗai ne ya sa ta dariya har da hawaye, kuma shi kaɗai ne ta iya rabawa da kakarta. Sannan ta ƙara cewa Alhaji Imam ya cuci mutane da yawa a hanyar neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, amma ya dawo gida da girma ba wanda ya tuhume shi, kuma ba ta ga wata mace da aka bari ta yi abin kirki a tafiyar ba. Hajiya ta ce yarinyar nan bakinta ya yi tsawo. Ni dai ban ce ta goge ba.

Ranar bayanin Laraba ce da yamma a mako na biyu na Oktoba, lokacin da babu darasi. Cikin yara 14 da suka karɓi takarda, biyar ne suka zo da abin faɗa, kuma biyu ne kawai suka sami littattafan duka uku. Sauran takardu da kuɗi da nisa ne suka tare su, ba ƙyuya ba, wani yaro ma ya ce ubansa ya je meri sau biyu ya haƙura. Iyaye huɗu ne muka zauna a bencin baya. Da Uwata ta kai wurin cewa marubuciya ta gudu ta bar aikinta, wani yaro ya miƙe ya ce shi ƙarshen ne ma ya fi so, don ya bar shi ya ƙarasa da kansa. Suka yi ta ja-in-ja da Faransanci suna zamewa cikin Hausa, Mushe ya harɗe hannu ya ƙyale su har kusan magariba. Ba a ba kowa kyauta ba, ba a kuma sa maki ba.

Da na zauna lissafi, abin ya ci mini jika 18 da ƴan kai, a ciki jika 7 na littafin kuskure ne, kusan rabin kuɗin kabu-kabu kuma na zirga-zirgar da ba ta da dalili. Wanda zai bi wannan hanya, ya karɓi takardar shaidar lakwal tun kafin a ba da hutu, in kuma ya makara ya tambaya ko takardar sakamako za ta wadatar, kowane tebur ka je ka tambayi abin da zai iya maye gurbin abin da ba ka da shi. Ka sa a rubuta maka jerin takardun, ka tafi meri da ta asali da kwafi tare, da sassafe, ba ranar Juma'a ba. Kada ka yi saƙon littafi da baki ta waya, tura hoton sunansa da na marubucin, domin littafin da aka fassara yakan sauya suna gaba ɗaya. Ka fara duba ɗakin karatu da masu tsofaffin littattafai kafin ka sayi sabo, in iyaye uku za su haɗa kai kowa ya sayi ɗaya a yi musanya, ya fi. Ka tambayi malamin abin da ke cikin littafin. In na Hausa ne a ware masa lokaci fiye da sauran, a nemo tsoho a kusa. In yaro ya kawo maka shafinsa, duba masa rubutu in ka iya, ra'ayin ka bar masa.

Littafin aro mun mayar da shi a makare da kwana 4, na biya dala 20 Madam tana murmushi. Sabon da aka aiko bisa kuskure na so in mayar Yamai a sayar, Uwata ta roƙe ni in bar mata. Yanzu yana yawo a unguwa, yana hannun yarinya ta uku. Jiya ya biyo ta gidanmu, na buɗe shafin ƙarshe na ga ta manna ƴar takarda da rubutun Hausa, ƙ ɗinta har da lanƙwasa: duk wanda ya gane ko yaron nan ya rayu, ya zo gidanmu bayan la'asar ya gaya mini. A ƙasa wata ta amsa da jan bik, wai ya rayu, ita ma tana da hujja.